Harshen Lahadi na Erchie Coull

Takardar ta ce likita za ta zo ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Eppie Coull ta karanta ta sau uku a tsaye a bakin ƙofa, hannunta na ƙarnin kifi, sannan ta ninke ta ta cusa a bayan agogon bango. Za a zo a duba mahaifinta, Erchie, a ga ko hankalinsa na nan. In yana nan, zai ci gaba da zama a gidansa. In babu, an riga an ajiye masa gado a wani gidan kula da tsofaffi can cikin tudu, inda ko da mutum ya hau rufin ɗaki ba zai hango teku ba.

Hankalin Erchie kuwa yana nan daram. Da safen nan ma sai da ya wanke ta tas don ta bar wuƙarsa ta kwana a ruwa. Matsalar a bakinsa take.

Mutanen Portskail, ƙauyensu na masunta, harshe biyu gare su, kamar yadda suke da rigar aiki da rigar coci. Akwai na gida, wanda ake zagin iska da shi, a yi wa jariri wasa. Akwai kuma harshen Lahadi, wato Turancin makaranta da rediyo, wanda ake ɗaukowa in za a tsaya gaban likita ko fasto ko ɗan sanda. Ciwon da ya kayar da Erchie a bakin tashar jirage ya shanye masa hannun dama, ya kuma tafi da harshen Lahadin gaba ɗaya. Na gidan ne kawai ya bar masa. Sati uku ya yi a asibiti cikin baƙi, bai ce musu uffan ba, domin a wurinsa yi wa likita maganar gida daidai yake da fita titi ba wando. Su kuma suka rubuta cewa ba ya magana, ba ya ganewa.

Kwana takwas Eppie ta yi tana koya masa. In ta dawo daga rumfar feɗe kifi, sai ta ja kujera gabansa a kicin.

"Ka ce dutse, Baba. Yadda ake faɗa a rediyo."

"Steen."

"Wannan namu ne. Ka zagaye bakinka."

Ya tattara laɓɓansa, gefe ɗaya ya ƙi biyo shi. Iska ce kawai ta fito.

"Ni da tsufana ki sa ni ina buɗe baki kamar kifin da aka jefo kan tudu," in ji shi. "Tashi ki ba ni shayi."

Goggo Mima, yayarsa da ke zaune a gidan da ke manne da nasu, tana bakin murhu da saƙarta.

"Makauniya na jan makaho," ta ce ba ta ɗago ba. "Ke da mai kawo wasiƙa ke gaishe ki ki ruga bayan ƙofa, yau ke ce malama?"

Gaskiya Goggo ta faɗa game da Eppie. Tana shekara bakwai malamar ajinsu ta tsayar da ita gaban allo, ta tsula mata bulalar fata sau huɗu a tafin hannu saboda ta amsa tambaya da maganar gida. Irin bulalar da aka yi wa Erchie yana yaro ita ma ta sha. Tun daga ranar in baƙo ya dube ta sai magana ta gagare ta. Da shekarunta suka kai ta bar makaranta ta shiga rumfar kifi, inda wuƙa ke yin maganar.

Ranar Alhamis yayanta Gilbert ya riga likita zuwa. Yana aiki a ofishin wani kamfanin mai a Aberdeen, kuma shekara ashirin ke nan ba wanda ya ji maganar gida a bakinsa. Shi ya nemi a zo a duba Baba.

"Kada ki dube ni haka," ya ce mata a bakin ƙofa, da harshen Lahadi. "Ke kina rumfa tun safe har yamma. In ya kunna murhu ya manta fa? In ya sake faɗuwa? Ni na tsince shi a ƙasa, Eppie, ba ke ba."

"Ba ya mantuwa, Yaya."

"To ya nuna mata. Ni ma abin da nake so ke nan."

Suka buɗe ɗakin gaba, wanda ba a buɗewa sai don fasto ko gawa. Sanyin da ya kwana a ciki ya fito ya tarye su. Suka sa wa Erchie baƙar kwat ɗinsa, Gilbert ya ɗaura masa nektai, abin da shi Erchie ke kira igiyar wuya, suka zaunar da shi a doguwar kujera. Rabonsa da zama a ɗakin tun ranar da aka ajiye akwatin gawar matarsa a kan teburin nan. Ya ɗora hannun hagu a kan na dama, ya kafa wa bango ido.

Likita Ashworth ta iso goma saura minti biyu. Matashiya ce, daga can kudancin Ingila, mai fara'a, da jaka cike da takardu. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Goggo Mima da kanta sai da ta gyara murya ta amsa da harshen Lahadi, tana taka kalmomin a hankali kamar mai tafiya kan ƙanƙara. Eppie ta sunkuyar da kai kawai, ta koma jikin ƙofa ta tsaya.

"Malam Coull, ko za ka gaya mini yau wace rana ce?"

Maƙoshin Erchie ya motsa. Bai ce komai ba.

"Ba komai. Kada ka matsa wa kanka. Ina muke yanzu?"

Shiru. Agogon kicin na ta bugawa ta cikin bango.

Ta fito da wasu katuna masu hotuna, ta ɗaga na farko. Hoton wata ne. Eppie ta ga laɓɓan mahaifinta sun buɗe gefe da gefe, yadda mutanen garin ke kiran wata. Kalmar na bakinsa, saura ta faɗo. Sai ya tuna gaban wa yake. Ya haɗiye ta, ya shiga kokawar zagaye baki, jijiyar wuyansa ta tashi, yawu ya gangaro ta gefen da ya shanye. Likita ta yi ɗan rubutu.

Cokali. Takalmi. Dutse. Duk inda harshen Lahadi ke zagaye baki, Portskail buɗewa take yi, kuma kamar da gangan aka zaɓo katunan. Kowanne sai ya kamo shi, ya sake shi. Gilbert ya juya yana kallon taga. Eppie ta ji zufa na bin bayanta a cikin ɗakin da ake ganin tururin numfashi. Ita ta yi wannan. Kwana takwas tana gaya masa nasa ba daidai ba ne.

"Ya gaji ne, Likita," in ji Goggo Mima. "A gida yana magana."

"Iyalai da yawa suna gaya mini haka," likitar ta ce a hankali. "Kuma na san ba ƙarya suke yi ba. Mutum in yana son nasa, ko gurnani ya ji sai ya ji magana a ciki."

Ta zaro wata 'yar takarda daga cikin fayil ta ajiye a tebur.

"Wannan ya rubuta a asibiti da hannun hagu. Haruffan sun fita sarai, amma ba su haɗu sun zama kalmomi ba. Irin wannan yakan nuna mana inda ciwon ya taɓa."

Eppie ta leƙo daga inda take. Rubutu ne karkatacce, layi ɗaya: Far's ma quine. Ba ta buƙatar kowa ya karanta mata. Ina 'yata, ya rubuta. Sati uku yana kwance yana tambayarta, takardar na cikin fayil.

Ta buɗe baki. Maganar ta ƙi fita, tafin hannunta ya ɗau zafi inda bulala ta taɓa sauka.

Likita ta tattara katunanta ta sa musu roba. Ta ɗauko wata doguwar takarda, ta juya zuwa shafin ƙarshe inda ake sa hannu.

"Malam Gilbert, ina ganin abin da asibiti suka rubuta haka yake. Gidan da aka samar masa mai kyau ne. Za su iya karɓarsa ranar Litinin." Ta cire murfin alƙalami. "Ko akwai mai son ya ce wani abu kafin in cike?"

Gilbert ya girgiza kai, idonsa ya yi ja. Goggo Mima ta dubi ƙasa. Erchie ya ji komai, domin ji bai bar shi ba. Hannunsa na hagu ya damƙe na dama har yatsun suka yi fari, amma bakinsa na rufe. Eppie ta gane cewa zai yarda a ɗauke shi ranar Litinin, ya mutu a can cikin tudu, da dai ya yi abin kunya gaban baƙuwa.

Roƙonsa ba zai yi ba, ta san shi. Abu ɗaya ne tak Erchie Coull bai taɓa iya jurewa ba a duniya: ya ji an ba masunci hanyar teku ba daidai ba.

Masuntan garin ba su dogara da na'ura ba a zamaninsa. In mutum na son ya kai wurin da kifi yake, ko ya ratsa tsakanin duwatsun bakin gaɓa, abubuwa biyu yake nema a tudu ya saita su, ɗaya a bayan ɗaya, ya bi layinsu. Kowane gida da nasa alamun, uba ya ba ɗa. Eppie ta haddace na gidansu tun tana zama a gwiwarsa.

Ba ta dubi likita ba. Ta tako tsakiyar ɗakin, ta yi magana da harshen gida, da ƙarfi, irin na rumfar kifi.

"Baba, na manta ban gaya maka ba. Wull na gidan Cardno zai fita da sabon jirginsa gobe, Ramin Dod zai je kamun kifi. Ya tambaye ni hanya, na ba shi."

Gilbert ya juyo da sauri. "Eppie, ba yanzu ba."

"Na ce masa ya saita hasumiyar coci da Farin Dutse, ya miƙe abinsa."

Kan Erchie ya juyo a hankali.

"Haka ne ko, Baba? Hasumiya da Farin Dutse. Ya ce da asuba zai tashi, shi da ƙaninsa."

"Kin ce masa me?"

Muryar ta fito a shaƙe, amma kowane harafi a wurinsa. Alƙalamin likita ya tsaya.

"Hasumiya da..."

"Kashe 'ya'yan mutane za ki yi? Hasumiya da Farin Dutse kan duwatsun Haƙoran Tsohuwa za su ɗora shi, nan jirgin kawunki ya rabe biyu. Farin Dutse da bututun injin niƙa ake saitawa, sakarya. Ya riƙe su har sai jar ƙofar gidan kwastan ta ɓuya a bayan tsauni, sannan ya karya hagu. Kuma wane mahaukaci ne ke ratsa wurin nan da asuba gobe? Ruwa a janye yake. Gobe Juma'a, sai sha ɗaya da kwata zai cika. Maza ki je ki same shi. Tsayuwar me kike yi? Gilbert, kai ma ka tsaya kamar turken ɗaure jirgi, cire mini igiyar nan ta shaƙe ni."

Ya yunƙura zai tashi, sai idonsa ya faɗa kan likita. Maganar ta yanke. Jini ya hau fuskarsa har kunne, ya koma ya zauna.

Likita Ashworth ta mayar da murfin alƙalaminta.

"Me ya ce?" ta tambaya. "Na kama kalma biyu ko uku, sauran sun wuce ni. Wa zai fassara mini?"

Ta dubi Eppie, amma Eppie ta gama abin da ke cikinta. Gilbert ne ya share murya, ya fara mayar da maganar cikin harshen Lahadi. Ya faɗi ranar, ya faɗi lokacin cikar ruwa. Da ya zo kan alamun sai ya ce a karya dama.

"Hagu," in ji Erchie, yana kallon ƙasa. "Shekara ashirin a ofis, hagu da dama sun gagare ka."

"To ai hagun na ce, Baba, kai ne ba ka ji ba."

Da harshen gida ya faɗa, bai sani ba sai da ta fita. Goggo Mima ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe ba a Aberdeen ka jinginar da shi ba."

Likitar ta ce ko akwai jaridar garin a gidan. Goggo ta kawo ta daga kicin. Likitar ta buɗe shafin baya inda ake buga lokutan ruwa, ta bi da yatsa.

"Juma'a, sha ɗaya da minti goma sha tara."

Gilbert ya gaya masa abin da ta ce, ko da yake ya ji.

"Jarida a Aberdeen ake auna mata," Erchie ya yi gunaguni. "Nan ruwa na riga su."

Likita ta ɗauki 'yar takardar asibitin ta sake dubawa, ta miƙa wa Eppie. "Wannan fa? Magana ce?"

Eppie ta karɓi takardar. Ta nemi harshen Lahadi, ta same shi can ƙasa, ya yi tsatsa.

"Ni yake nema," ta ce. "Haka muke faɗa. Ba a koya mana rubuta shi ba. Kowa yadda kunnensa ya ji yake sawa."

Ta fita ta dawo da wani baƙin littafi da gishiri ya cinye wa gefe, wanda ke kwance a aljihun teburin kicin. Alamun gidan Coull ne, Erchie ya fara rubuta su tun yana saurayi, da kwanan wata a saman kowane shafi. Ta buɗe ta ajiye kusa da takardar. Rubutun littafin ya fi kyau, amma kalmomin iri ɗaya ne, shekara arba'in kafin ciwon.

"Wa ya ce ki buɗe wa baƙo littafin nan?" in ji Erchie.

"Yi mana shiru," Goggo Mima ta ce. "Yarinyar da ba ta jin ko kalma ɗaya, ba ta da ko kwale-kwale, ita za ta sace maka kifi?"

Likitar ta daɗe tana duba shafukan. Sannan ta ce ɗakin nan da sanyi, ko akwai inda ya fi ɗumi. Suka koma kicin. Aka cire masa kwat da igiyar wuya, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, inda ake hango tasha. Ta sake fito da katunan.

"Malam Coull, ka faɗa mini yadda za ka faɗa wa 'yarka. Ni ce ban iya ba. Ita za ta taimake ni."

Ya daɗe yana kallon hoton watan. Eppie ta matso kusa da shi. In ya sake rufe baki yanzu, ba ta da wata dabarar.

"Meen," ya ce da taga.

"Wata," in ji Eppie.

Suka bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Ba duka ya ci ba. An ba shi kalmomi biyar ya riƙe, uku ya dawo da su. An ce ya zana agogo, hannun hagu ya kai lambobin gefe guda. Kowane kuskure Eppie sai ta ji kamar an cire mata katako a ƙarƙashin ƙafa, kuma likita na rubuta shi kamar yadda take rubuta sauran. Sha biyu ta wuce kafin ta rufe fayil ɗin.

"Ba zan sa hannu a waccan takardar ba," ta ce. "Ciwon ya taɓa shi, kada mu ruɗi kanmu. Amma ya san inda yake, ya san abin da yake so. In yana son gidansa, gidansa zai zauna. Za a riƙa turo mai jinya da rana lokacin da kike wurin aiki, murhun gas kuma a canza shi. Bayan wata uku zan dawo." Ta dubi Gilbert. "Ka yarda?"

Gilbert ya goge fuska da tafin hannu, ya gyaɗa kai.

A bakin ƙofa likitar ta tsaya ta ce wa Eppie ta rubuta mata kalmomin da ya fi amfani da su, na ciwo da na abinci da na buƙata, a manna a bango saboda masu jinya. Eppie ta ce to. Sai da ƙarar motar ta ɓace a kan tudu ta jingina da bango.

Da ta koma ciki Gilbert na zuba ruwa a buta, Goggo na yanka burodi. Erchie bai dube ta ba.

"Kin tsiraita ni gaban likita," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Wull fa? Kin je?"

"Wull bai tambaye ni komai ba. Jirginsa ma na kan tudu ana masa fenti."

Ya juyo ya dube ta tun daga sama har ƙasa, ya daɗe. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa.

"Ƙarya gaban likita, da bakin rumfa. Uwarki ce sak." Ya mayar da ido kan taga. "Ɗauko takardar mu yi mata rubutun."

Ta ɗauko fensir da bayan wata ambulan. Kalma ta farko da ya ba ta ita ce ciwon kai. Ta rubuta yadda ta ji, ta nuna masa. Ya ce ta sa harafi ɗaya ya yi yawa. Goggo Mima ta leƙo ta ce ba yawa ya yi ba, ɗaya ne ma ya rage, su a ƙarshen titi ja suke yi. Gilbert ya ce shi duk bai ga daidai ba a ciki. Shayi ya huce suna kan kalmar. Eppie ta bar ta yadda ta rubuta, ta ja layi, ta ce ya ba ta ta biyu.